Namu na gida, fassarar Indiya, na Turkiyya ko na Koriya: wanne za ka ɗauka ka kai ƙarshensa?

Mai neman shawara a kan fim tambaya ɗaya yakan yi: "Yana da kyau?" Wannan tambaya ba ta wadatar ba. Fim mai dogon zango yana iya yin kyau matuƙa a kashi goma na farko, kafin a kai na arba'in kuma ya zama jan rai kawai ake yi maka. Abin da ya kamata ka bincika kafin ka danna kashi na farko shi ne awa nawa labarin zai ci, data nawa zai sha, da wa za ka zauna kallo, sannan abin da ya fi duka nauyi: masu shirin sun san inda labarinsu zai tsaya kafin su ɗora kyamara, ko tafe suke suna lalube? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi raba finafinan da ke yawo a wayoyinmu yanzu, fiye da ƙasar da suka fito.

A fara da namu. Bayan kasuwar faifai ta durƙushe, waya da masu tura finafinai suka gaje ta, masu shirya fim a Kano da Kaduna da Jos sun koma dogon zango. Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ita ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako, zaman gida na korona a 2020 kuma ya kora furodusoshi da yawa zuwa YouTube. Tsarin da aka fi bi shi ne zango ɗaya kashi 13, kowane kashi daga minti 45 zuwa awa ɗaya da 'yan kai, ana sakin ɗaya a mako. Zango guda ke nan wata uku ne ga mai bi mako-mako, ko wajen awa 12 zuwa 14 ga wanda ya tara ya kalla a jere.

Abin da namu yake da shi wanda sauran ukun ba za su taɓa ba ka ba shi ne magana. Idan marubuci ya iya, za ka ji habaicin kishiya, zaurancen dattijo, gatse, da irin shirun da suruka ke yi wanda ya fi zagi ciwo, kuma babu mai yi maka bayani domin ka san gidan. Rikicin gado, auren dole, ɗan siyasa da yaransa, matashin da ƙwaya ta ɗauke, duk abubuwa ne da mai kallo zai iya cewa "wallahi haka ake yi" ko "a'a, wannan ƙarya ce". Ga kuma sauƙi biyu na zahiri. Na farko, kunne kaɗai ya isa bin yawancin labarin, don haka uwargida na iya jingina waya tana girki, mai ɗinki yana kan keke, kuma a 240p ma, wato ƙaramin ingancin hoto mai ƙarancin cin data, ba a rasa komai ba. Na biyu, shi ne kallon da kaka da jika za su zauna tare ba tare da wani ya riƙe rimot a shirye ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da hannu a wannan, kuma tana iya tsayar da shiri yana cikin tafiya: a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda kan rashin kai su tacewa kafin a saka. Sai dai ba kowace ƙaramar tasha ta YouTube ke bi ta wannan ƙofa ba, don haka suna na Hausa a kan bidiyo ba shaida ba ce cewa an duba shi.

Matsalar namu daga hanyar kuɗinsa take. Furodusa yana samun kuɗi ne daga tallan YouTube da kuma 'yan kasuwar da suka biya a saka hajarsu a cikin shirin. YouTube na bari a tsarma talla a tsakiyar duk bidiyon da ya kai minti 8, kuma iya tsawon zaman mutane a kai iya yawan tallan da za a nuna. Ga shi abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kama ƙafar abin da ake biya kan mai kallo daga Turai ko Amurka ba. To da me za a cike giɓin? Da yawan kashi da tsawon kashi. Daga nan ne ake samun irin fitowar da kowa ya sani: mota ta shigo gida, maigadi ya rufe ƙofa, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo, ya yi sallama, a amsa, a gaisa, ya gida, ya yara, ya kasuwa, a kawo ruwa da lemo a faranti, ya kurɓa, ya ajiye kofi, sannan ya faɗi jimla ɗaya wadda mai kallo ya riga ya ji a kashin da ya wuce. Minti huɗu sun tafi. Haɗa wannan da waiwayen makon jiya, da waƙar buɗewa, da tallan mai magani da na shagon atamfa da na masu filaye waɗanda aka ɗinke a jikin bidiyon, waɗanda ba su da maɓallin tsallakewa kuma da datarka ake nuna su. Ba abin mamaki ba ne kashi na awa ɗaya ya zama sabon labarin da ke cikinsa bai wuce minti 35 ko 40 ba.

Abu na biyu ya fi wannan illa. Yawancin shirye-shiryen nan ana ɗaukar su ne ana nunawa, kuɗin wannan zango ne ke ɗaukar nauyin na gaba. Idan shiri ya karɓu, ba mai son yanka kazar da ke masa ƙwai, sai a ƙaro sababbin mutane, a tayar da rikicin da aka riga aka sasanta, a mayar da mugun da ya tuba ruwa. Idan bai karɓu ba, sai a daina sakawa ba sanarwa, labari ya tsaya a kan wani yana kwance asibiti har abada. A tsakani kuma akwai sauyin 'yan wasa. Jaruma ta yi aure ta bar harkar, ko an saɓa a kan kuɗi, ko jarumi yana wani aikin. Mafita uku marubuci ke da su: ya kashe mutumin, ya tura shi ƙasar waje karatu ko jinya, ko a kawo wata fuska a ci gaba da kiranta da tsohon suna. Duk ukun suna karya labari, na ukun ne ma ya fi gaskiya da mai kallo, ko da yake shi mutane suka fi ƙorafi a kai.

Ana iya gane shirin da zai yi haka tun kafin a saka masa rai. Ka buɗe jerin bidiyoyin tashar ka dubi ranakun da aka ɗora su. Idan tazarar kwana bakwai-bakwai ce ba fashi, alama ce an gama ɗauka kafin a fara saki. Idan ka ga kwana 7, sai 19, sai wata biyu, to hannu baka hannu ƙwarya ake yi. Ka duba ko zangon da ya gabata yana da kashi na ƙarshe da aka rubuta masa haka. Daga nan kada ka yanke hukunci da kashi na farko, domin a nan ake zuba kuɗi da jirgin ɗaukar hoto daga sama. Tsallaka zuwa kashi na biyar ko na shida, ka shiga tsakiyarsa, ka saurara da abin kunne. Idan kana jin ƙarar janareta a bayan magana, ko muryar ɗaya tana kusa ta ɗayan tana can nesa, ko kiɗa ya danne zance, to ba a kashe kuɗi a kan sauti ba, kuma wanda bai kula da sauti ba da wuya ya biya marubuci yadda ya kamata. Shawarata a kan namu ita ce a bar zango ya kammala sannan a kalla, in ban da wanda daɗin kallonsa shi ne muhawarar washegari a majalisa ko a gidan biki. Wannan daɗin gaskiya ne, kuma ba a samun sa a sauran ukun.

Fassarar Indiya abu biyu ce da ake yawan cakuɗawa, alhali ba su haɗa hanya ba: fim na zama ɗaya, da shirin talabijin na kullum.

Fim na zama ɗaya shi ne mafi aminci a duk abin da ake magana a kai, ta fuskar ƙarshe. Awa biyu da rabi zuwa uku, an gama, ka san wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Hausawa sun saba da shi tun zamanin gidajen sinima da Kwarori ke kawo finafinan, sai dai abin da ake fassarawa yanzu yawanci ba na Mumbai ba ne, na kudancin Indiya ne, na harsunan Telugu da Tamil, inda jarumi ke dukan mutum ɗaya biyar su tashi sama. Gininsu kusan ɗaya ne, kuma sanin sa yana hana mutum kashe fim mai kyau da wuri. Rabin farko barkwanci ne da soyayya da ƙananan faɗace-faɗace. A tsakiya, inda ake ba da hutu a sinimomin can, sai a juya labarin: a gano jarumin ba wanda aka zata ba ne. Rabi na biyu yakan buɗe da dogon komawa baya da ke bayyana dalilin ɗaukar fansa. Wanda ya yanke hukunci a minti 40 na farko bai ga fim ɗin ba tukuna. Akwai tarko ɗaya na baya-bayan nan. Tun da Baahubali ya fito kashi biyu, a 2015 da 2017, ya tara kuɗi, manyan finafinan kudu da dama sun koma raba labari biyu, kuma tsakaninsu yakan kai shekara biyu ko uku. Ka tabbatar abin da za ka kalla ba rabin labari ba ne.

Ingancin kallon nan gaba ɗaya a wuyan mai fassara yake. Ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita sun sa sana'ar ta yi suna, bayansu kuma masu yi sun yi yawa, hannu ya bambanta. Wahalar aikin a sauti take. Kamfanin da ya sayi haƙƙin fim ana ba shi kiɗa da ƙarar motsi daban, muryoyi daban, sai ya cire muryoyin ya ɗora nasa. Wanda ya sauko da fim daga intanet ba shi da wannan, komai a haɗe yake. Don haka duk lokacin da zai yi magana sai ya danne sautin asali gaba ɗaya. Ka saurara da kyau: ruwan sama na zuba, kiɗa na tashi, jarumi ya buɗe baki sai komai ya ɗauke ɗif, a ji murya tsirara kamar a cikin ɗaki, yana rufe baki ruwa da kiɗa su dawo da ƙarfi. Masu ƙwarewa suna sake gina kiɗa da ƙarar duka a ƙarƙashin muryar har ba ka jin gaɓar. Masu gaggawa ba sa yi, kuma bayan rabin awa kai yakan ɗauki ciwo. Sai batun ma'ana. Sau da yawa fim ya bi ta harshe biyu kafin ya iso Hausa, daga Telugu zuwa Hindi ko zuwa rubutun Turanci, sannan zuwa gare mu. A fim ɗin faɗa wannan ba ya cutarwa, barkwancin da mai fassara ke ƙarawa ma yakan fi na asali armashi. A fim na bincike ko na kotu, inda kalma ɗaya ce ke warware ƙulli, fassarar da aka yi da ka tana iya sa ƙarshen ya zama ba kai ba gindi, mai kallo ya zagi fim alhali ba laifinsa ba ne.

Ga mai kallo da iyali, a san cewa ba dukkan masu fassara ke yanke rawar da ake sakawa don jan 'yan kallo ba, haka wuraren bauta, kuma zubar da jini a finafinan kudu na shekarun nan ya ƙaru sosai. Hukumar tacewa ta Indiya tana saka alamar U ko UA ko A a takardar da ake nunawa a farkon fim. Mai A na manya ne, kada a kunna shi a falo.

A YouTube kuma za ka ga an juya hoton hagu ta koma dama, ko an matso da shi har kawuna sun yanke, ko an saka shi cikin ƙaramin firam. Dabarar ɓuya ce daga na'urar da ke gano kayan da ke da mai shi, kuma ba ta daɗewa. Kana iya kallon rabi yau, gobe ka tarar an sauke.

Shirin talabijin na Indiya, irin wanda Zee World ta yaɗa da Turanci tun 2015, wani abu ne daban. Kashi ɗaya minti 20 zuwa 22, kwana biyar ko shida a mako, kuma ba a rubuta shi don ya ƙare ba. Akwai wanda aka fara a 2009 ya haura kashi 4,000. In labari ya ƙare sai a tsallake shekara ashirin a ci gaba da 'ya'ya. Wanda ke biyan kuɗin dikoda, yana son abin da zai riƙa motsi a falo da yamma, ba laifi. A sayi data dominsa kuwa asara ce.

Na Turkiyya shi ne ya fi kowanne kyau a ido, shi ne kuma ya fi kowanne tsada ga mai kallo. Dawakai, tufafi, fadoji, hasken fitila a cikin tanti, kiɗa, duk an kashe musu kuɗi, kuma ko a ƙaramar waya ana gani. Dalilin da Hausawa suka rungumi na tarihi a fili yake: ana alwala, ana sallah, ana jin kiran sallah, mata a suturce, dattijo yana da daraja. Amma a yi lissafi. A Turkiyya kashi ɗaya yakan kai awa biyu zuwa biyu da rabi, domin shiri ɗaya ne ke cike daren tasha tare da tallace-tallacensa. Idan za a sayar wa ƙasashen waje sai a yayyanka shi zuwa wajen minti 45-45. Shirin Ertugrul da tashar TRT ta Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019 kashi 150 ne a zango biyar a lissafin can, a yankan ƙasashen waje kuma 448. Sama da awa 300 ke nan. Mai kallon awa ɗaya kullum ba fashi zai yi kusan wata goma sha ɗaya a kai, kuma a 360p zai ƙona abin da ya tasam ma gigabait 100. Bayan ya gama kuma ga labarin ɗansa Usman yana jira, wanda aka fara a 2019.

Wannan lissafi biyu shi ke jawo rikicin da aka fi samu a wajen masu turawa. Ka ce a ba ka daga kashi na 31, a tura maka na ɗaya lissafin, ka tarar ka tsallake zango guda ko kuma an mayar da kai baya. Ka dubi tsawon bidiyon: in ya haura awa biyu, lissafin Turkiyya ne, in minti 40 zuwa 50 ne, na waje ne. Kada a haɗa biyun a waya ɗaya. Idan fassarar Hausa kake bi, ka fara tabbatarwa ta kai ƙarshen zangon, domin fassara awa ɗaruruwa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sauya murya daga Hausa zuwa karatun Turanci a tsakiyar labari yana kashe gwiwa.

Su ma ana rubuta su ne mako-mako, kuma tasha na iya soke shiri bayan 'yan makonni idan masu kallo suka yi ƙasa, ko ta ja shi shekaru idan sun yi yawa. Don haka cutar da ke damun namu tana damun su, kuɗi ne kawai ya lulluɓe ta: maci amana a cikin gida wanda kowa ya gani ban da jarumi, a kama, a tsere, a sake kamawa, ga dogon kallon-kallo da kiɗa. Ƙara saurin bidiyo zuwa 1.25 yana rage wannan ba tare da an rasa magana ba. Abu biyu nake so a riƙe. Suturar kirki ba ta nufin ya dace da yara, domin akwai sare kai da azabtarwa a fili. Sannan wasan kwaikwayo ne. Abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul, mahaifin wanda ya kafa Daular Usmaniyya ta Turkiyya kaɗan ne ƙwarai, yawancin abin da ake gani marubuta ne suka gina, bai kamata a ɗauke shi a kafa hujja da shi a majalisa ba. Na soyayya da rikicin masu kuɗi na birnin Istanbul kuwa wata duniya ce, ba ruwansu da kamun kan na tarihi.

Idan tambayar ita ce wa ya fi sanin ƙarshen labarinsa, na Koriya ta Kudu ne. Tsarin da suka fi bi shi ne kashi 16, yanzu ma ana yawan yin 12, kowanne awa ɗaya zuwa minti 70, kuma an tsara shi ya ƙare a nan. Awa 17 ko 18 ka gama, gigabait biyar ko shida a 360p. Saboda marubuci ya san yawan kashin da yake da shi, abin da aka nuna maka a kashi na biyu yakan dawo ya yi aiki a na sha huɗu, kuma wannan shi ne daɗin da ke kama mutane. Ba duka ne gajeru ba: na tarihin sarakuna kan yi tsawo, Jumong da aka yi a 2006 zuwa 2007 kashi 81 ne, na ƙarshen mako na iyali kan kai 50. Ka duba adadi kafin ka fara.

Su ma suna da nasu lam'a. Daga kashi na 11 zuwa na 14 labari yakan yi sanyi, a raba masoya da dalilin da bai taka kara ya karya ba, a kawo hatsarin mota ko mantuwa, ko a gano tun suna yara sun taɓa haɗuwa. Amma ka san saura kashi biyu ko uku, haƙurin mai iyaka ne. Babban cikas ɗinsu a wurinmu shi ne karatu. Yawancinsu da rubutun fassara na Turanci ko Faransanci ake samun su, ido ba zai bar allo ba ko na daƙiƙa goma, ba a haɗa su da wani aiki, kuma wanda karatunsa ba ya sauri zai gaji da tsayarwa. Idan rubutun a jikin hoton aka buga shi, 240p ba zai karantu ba, sai 480p, data ta ninka ko ma fiye. Ta fuskar tarbiyya, shan giya a teburin abinci abu ne na kusan kowane kashi. Waɗanda aka yi wa tashoshin gida irin KBS da MBC da SBS suna da kamewa daidai gwargwado, waɗanda aka yi wa Netflix kai tsaye kuwa ba wannan takunkumin, tsiraici da jini na iya faɗowa ba zato. Alamar shekaru da ke gefen suna, 13 ko 16 ko 18, a nan tana da amfani sosai.

To wa zai ɗauki wanne? Ma'aikaci ko ɗalibi mai awa ɗaya da daddare, mai iya karatun Turanci, kuma shi kaɗai yake kallo, na Koriya mai kashi 16 ya fi masa, mako uku ya gama ya huta. Gidan da ake taruwa a kalla, da tsofaffi da yara, namu ne, zangon da ya kammala, daga tashar masu shirin. Mai son ya huce gajiyar mako a dare ɗaya ya nemi fassarar Indiya mai sauti mai kyau. Na Turkiyya ba na ba da shawararsa ga mai sayen data da kuɗin cefane, ko ɗalibin da jarrabawa ke gabansa. Ya dace da mai intanet na gida ko mai kallo ta tauraron ɗan'adam, wanda ya yarda tun farko cewa tafiyar shekara ce.

Batun data yana buƙatar ƙarin bayani, musamman tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi a farkon 2025. A YouTube, awa ɗaya a 360p tana cin wajen megabait 250 zuwa 350, a 480p kusan rabin gigabait, a 720p gigabait ɗaya ko fiye. Kiyasi ne, yana hawa da sauka gwargwadon motsin hoto: yaƙin dawakai ya fi hirar falo ci. Kuskuren da ya fi cinye data shi ne barin ingancin hoto ya zaɓi kansa, domin da zarar sabis ya yi ƙarfi sai ya haye 720p ko 1080p ba ka sani ba. Ka saita shi da hannu, kuma ka sake dubawa a kowane sabon bidiyo. A Netflix akwai zaɓin tattalin data a waya wanda ke ba da wajen awa shida a gigabait ɗaya, alhali babban inganci a talabijin na iya cin gigabait uku a awa. Mai amfani da datar dare ya sauke kashi-kashi a cikin manhajar ya kalla da rana. Ga namu na gida, wannan hanya ta fi ta shagon turawa adalci, domin abin da aka tura maka a waya ko kwabo ba ya kaiwa ga wanda ya biya 'yan wasa, kuma rashin wannan kwabon ne ke haifar da jan labarin da ake kuka da shi.

Wanda dole sai ta shago, ga abubuwan da ke lalacewa. Fim ya buɗe a waya amma ya ƙi a talabijin: yawanci an matse shi ne da tsarin x265, wanda tsofaffin talabijin da dikoda ba sa karantawa, sai ka nemi na x264. Hoto na tafiya ba sauti: manhajar wayar ce ba ta gane nau'in sautin ba, manhajar VLC takan buɗe shi. Rubutun fassara bai fito ba: ƙaramin fayil ne daban mai ƙarewa da srt, dole a tura shi tare, ya zauna a jaka ɗaya da bidiyon kuma sunansu ya zama iri ɗaya. Filas ya ƙi karɓar babban fim alhali akwai wuri: an tsara shi a FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait huɗu. Mafi ɓacin rai shi ne memori na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa 8 ne. Zai nuna ya karɓi komai, sunaye su jeru lafiya, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ba zai buɗe ba, kuma kashin ƙarshe-ƙarshe ne abin ke shafa tunda su ake turawa daga baya. Saboda haka kafin ka biya, a gaban mai shagon, ka ƙirga kashin ka ga ba giɓi a lambobi, ka buɗe na tsakiya ɗaya, sannan ka buɗe na ƙarshe ka ja shi zuwa mintocinsa na ƙarshe, da sautin a kashe idan ba ka son a ɓata maka labari, ka tabbatar ya kai har inda sunayen ma'aikata ke hawa.